In Aka Shafa Wa Gininka Jan Fenti a Gusau: Ikon Hukuma da Matakan da Za Ka Bi

Da hantsi kawuna ya kira ni, muryarsa na rawa. "Ɗana, maza ka zo, sun yi mini jan fenti." Na tarar da shi tsaye gaban gininsa da ya kai linta a bayan gari, birkiloli sun ajiye cebur sun yi cirko-cirko. A jikin katanga ga ƙaton gicciye ja, a ƙasansa an rubuta a dakatar da aiki a zo ofis. Kafin in iso har masu shawara sun kewaye shi. Wani ya ce a kawo kwano a rufa cikin dare, ai ba a rushe ginin da aka rufa. Wani ya ce a shafe fentin da siminti a yi kamar ba a gani ba. Na uku ya matso kusa da kunnensa, ya ce ya san wanda za a gani da ɗan na goro. Da ya ɗauki ɗaya daga cikin shawarwarin nan, da yanzu katafila ta gama da wurin.

Ikon da hukuma ke da shi a kan fili da gini da muhalli ya fi yadda yawancinmu muke zato. Sai dai doka ta ɗaure ikon nan da takarda, da wa'adi, da haƙƙin a saurari mutum kafin a taɓa dukiyarsa. Wanda ya san waɗannan ukun yakan tsira da abinsa, ko ya samu diyyarsa. Ga yadda abin yake daki-daki.

Fara da sanin wa ke riƙe da ƙasa

Tun 1978 Dokar Amfani da Filaye ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana ga jama'a. Abin da ni da kai muke da shi haƙƙin zama ne da amfani. Filin cikin birni gwamna ke bayar da shi, shi ke sa hannu a takardar mallaka, wadda muke kira satifiket. Filin karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙinsa na gargajiya, har hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Dokar tana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 a sashe na 315, don haka majalisar jiha ba ta iya taɓa ta.

Abu biyu nake so ka riƙe daga dokar. Na farko, wanda ya gaji gona ko gida tun kafin 1978, doka na ɗaukarsa mai haƙƙi ko da bai taɓa riƙe satifiket ba. Sashe na 34 da na 36 suka faɗi haka. Kada wani ya ce maka tunda ba ka da takarda ba ka da komai. Na biyu, sayar da filin birni ko jinginar da shi ga banki yana bukatar amincewar gwamna, kuma sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne. Sa hannun mai unguwa da na hakimi shaida ce mai daraja, ni ma ba na sayen fili ba tare da su ba, amma ba ta tsayawa a madadin takardar hukuma.

Wa ya yi fentin?

Wannan ita ce tambayar farko da za ka yi, domin kowace hukuma da iyakarta. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane aikin jihohi ne. Ke nan izinin gini a Gusau ko Ƙaura Namoda ko Talata Mafara daga hukumar tsara birane ta jiha yake fitowa, wato ZUREPB. Rajistar fili da taswirarsa da takardun mallaka suna wajen ZAGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Zamfara. Shara, kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta da sa wa gidaje lamba, Kundin Tsarin Mulki ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a nan ne za ka haɗu da duba-gari. Babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau zuwa Sakkwato ta tarayya ce, huruminta ma na tarayya ne. Zinariya, dalma, har yashi da tsakuwar da ake haƙa don sayarwa, duk ma'adinai ne a idon doka, kuma na tarayya ne. Gurɓata iska da ruwa da ƙasa daga masana'antu kuwa akwai NESREA, hukumar tarayya da aka kafa a 2007.

Duk wanda ya zo maka da sunan hukuma, kana da damar ka nemi katin shaidarsa cikin ladabi, ka rubuta sunansa da na ofishinsa. Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Kafin ka biya dillali, kafin ka kafa tubali

Yawancin rusau tun ranar ciniki ake shuka shi. Ana yanka gonakin gefen gari da awon igiya, a bar lungun da ko amalanke ba ta wucewa, ba a bar wa ruwa hanya ba, ba filin makaranta, ba na asibiti. Mai gona ya karɓi kuɗinsa, dillali ya karɓi la'adarsa, kai ne za a bari da katanga a tsakiyar titin da ke cikin taswirar gwamnati tun kafin ka zo. Sashe na 36 na Dokar Amfani da Filaye ma ya hana a yanka gonar karkara fuloti-fuloti haka kawai.

Saboda haka kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka je ZAGIS ka nemi a bincika maka filin: sunan wa ke kansa, yana cikin shimfiɗar da aka amince da ita, an ware shi don gida ne ko kasuwanci, ko kuwa gwamnati ta riga ta karɓe wurin. Ka biya kuɗin binciken ta hanyar da aka tsara, ka karɓi rasit. Sannan ka ɗauki safiyo mai lasisi ya je ya nemo duwatsun iyaka na siminti masu lamba, ya gwada su da abin da ke takarda. Ka je da kanka ka tsaya a wurin. In da hali ka koma ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka ga inda ruwa ke bi, domin ruwa ba ya manta hanyarsa.

Ka lura da hurumi. Kalmar tamu ce tun kaka da kakanni, rijiya na da hurumi, kogi na da shi, gari na da shi. Dokar zamani ƙafa ta sa masa kawai. Hanyar tarayya tana da mita 45.72 daga tsakiyarta zuwa kowane gefe. Babban layin wuta mai kilobolt 330 yana da faɗin mita 50, mai 132 yana da mita 30, ƙananan na 33 da 11 kuma mita 11. Bakin kogi, magudanar ruwa, burtali da mashayar dabbobi, duk wanda ya gina a kansu ya gina wa kansa rigima. Mu a Zamfara ba ma bukatar a gaya mana abin da toshe burtali ke haifarwa.

In fili ya tabbata, sai izinin gini. Za ka kai zanen ginin da ƙwararre ya yi, da takardar fili, da taswirar safiyo, in bene ne a haɗa da lissafin injiniya. Jami'ai za su zo su duba wurin, su yanka maka kuɗi, su buga hatimi a zanen. Ka ajiye kwafi ɗaya a wurin aiki a hannun shugaban birkiloli. Kuma ka gina abin da aka amince maka. Wanda aka ba izinin gidan zama ya mayar da shi gidan burodi ko jerin shaguna, ko ya ƙara hawa ɗaya, daidai yake da wanda bai nemi izini ba.

To, an riga an yi fentin

Abu na farko, a ranar, ka sallami ma'aikata. Umarnin dakatar da aiki yana fara aiki nan take, kuma duk bulon da ka ɗora bayansa hujja ce a kanka. Ka ɗauki hoton fentin da na ginin ta kowane ɓangare, da wayar da ke nuna kwanan wata.

Na biyu, ka nemi takarda. Fenti alama ce kawai, notis shi ne maganar hukuma. Notis na gaskiya yana ɗauke da sunan hukumar, da laifin da ake cewa ka yi, da abin da ake so ka gyara, da wa'adi, da sa hannun jami'i. Matakan da aka saba bi su ne takardar saɓa ƙa'ida, umarnin dakatarwa, umarnin gyara ko cirewa, sannan notis na rusau. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, wadda jihohi da dama suka ɗauki samfurinta, ta ambaci kwana 21 a notis na rushe ginin da ke da hatsari, kuma ta ce mai ginin ne zai biya kuɗin rushewar. Amma a nan dokar jiha ke aiki, don haka wa'adin da ke rubuce a takardarka shi za ka ƙirga, daga ranar da ta shigo hannunka. Ka rubuta ranar a bayanta.

Na uku, ka amsa a rubuce cikin wa'adin. A nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Mun saba da zuwa da baki, a gaisa, a ce "ba komai Alhaji, za mu duba", mutum ya koma gida da sanyin zuciya. Ranar da katafila ta zo, babu fayil ɗin da ya san an yi wannan magana. Ka rubuta wasiƙa gajera zuwa ga shugaban hukumar: ga ni, ga filina, ga notis da na karɓa ranar kaza, ga takarduna, ina roƙon a zo a sake awo a gabana, kuma a dakatar da kowane mataki har a saurare ni. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa a ɗayan da kwanan wata. Wannan kwafi mai hatimi ya fi maka sanin kowane babban mutum. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma takardar nan ce shaidar cewa ka nema.

Haka muka yi da kawu. Da muka shiga ofis ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga zauren hakimi, ya ce, "Yallaɓai, ni ban ci filin kowa ba, da kuɗina na saya." Jami'in bai yi musu ba. Ya shimfiɗa taswirar unguwar a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan wani siririn layi, ya ce, "Baba, ka ga wannan? Hanya ce. Shagonka na gaba a cikinta yake." Da aka fita da safiyo aka ja awo, sai ga shi gaskiya ne, wanda ya yanka filin ya tura igiyarsa cikin titi. Kawu ya sa aka rushe shago ɗaya da hannunsa, ya tsira da bulonsa da ƙofarsa, aka ja katanga baya, aka gyara zane, aka ba shi izini. Ya yi kwana biyu ba ya cin abincin kirki, amma gidan na nan, jikokinsa na wasa a tsakar gida.

Na goro kuwa, ban da kasancewarsa laifi ga mai bayarwa da mai karɓa, ba ya goge layin da ke cikin taswira. Wanda ya karɓa za a yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya buɗe fayil ya tarar da gininka a kan hanya.

Na huɗu, in ka tabbata kana kan gaskiya kuma ba a saurare ka ba, ka ga lauya tun wa'adi bai cika ba. Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumin shari'ar filin da ke da takardar gwamna, kuma tana iya ba da umarnin a dakata har a gama shari'a. Rigimar gonar karkara da rabon gado kan fara daga kotunan ƙasa, a nan jihar kotunan shari'ar Musulunci. Kada ka yi nawa: akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ƙayyade wata 3 don shigar da wasu ƙararraki, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwa kafin a kai su kotu. Lauya ne zai tantance wanne ya shafe ka. Mara hali ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda ba ta karɓar ko sisi.

In gwamnati ce ke son filin

Wannan daban yake da rusau na saɓa ƙa'ida, kuma haɗa su wuri ɗaya ya jawo wa mutane da yawa asara. Wanda ya gina a kan hanya ba shi da haƙƙin diyya, in an ba shi wani abu tausayi ne. Wanda ke zaune a halalinsa aka zo faɗaɗa titi ko gina asibiti, diyya haƙƙinsa ce, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a biya ba tare da jinkiri ba, kuma ya bar masa ƙofar kotu a buɗe.

Sashe na 28 na Dokar Filaye ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum don amfanin jama'a, ko in mutumin ya karya sharuɗɗan satifiket ɗinsa. Amma dole sokewar ta zo a rubuce, da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta, kuma a isar da ita ga mai filin: a hannunsa, ko a gidansa, ko ta wasiƙa mai rajista, in an rasa shi a liƙa a jikin wurin. Kotun Ƙoli ta sha rushe sokewar da ba a isar da notis ɗinta ba, haka ma wadda aka karɓe fili da sunan jama'a aka miƙa wa wani don amfanin kansa.

Ga inda abin ke da ciwo, kuma gara ka sani tun wuri. Diyya ba ta ƙasar ba ce, ta abin da ka ɗora a kanta ce. Gini ana lissafa kuɗin sake yin irinsa a cire tsufansa, in an yi jinkirin biya doka ta ce a ƙara wani abu a kai. Amfanin gona da itatuwa ana bin ƙimar da jami'i ya tsayar. Fili fayau kuwa, abin da dokar ta ambata shi ne kuɗin hayar ƙasa na shekarar. A ganina wannan ɓangare yana cutar talakan da ya tara guminsa ya sayi fuloti bai samu halin ginawa ba, kuma ya kamata a gyara shi. Kafin a gyara, ga abin da ke hannunka. Ranar da masu ƙiyasi za su zo, kada ka wakilta yaro. Ka tsaya a ƙirga komai a gabanka: ɗakuna, rijiya, sokawe, katanga, rumbu, kowane mangwaro da ɗorawa da kuka. Ka karanta takardar kafin ka sa hannu, ko a karanta maka, ka nemi kwafi. In unguwa guda abin ya shafa, ku haɗa kuɗi ku ɗauki naku mai ƙiyasin dukiya mai lasisi. Saɓani kan adadin kuɗi ana kai shi kwamitin rabon filaye na jiha, kamar yadda sashe na 30 na Dokar Filaye ya tanada. Mai gidan zama kuma ana iya ba shi wani matsuguni a madadin kuɗi, amma ya sani in ya karɓa ya rufe maganar diyya.

Muhalli: darasin da muka biya da 'ya'yanmu

Duk wanda ke ganin dokar muhalli fitina ce ta 'yan boko, ya tuna 2010. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma, ana kawo dutsen zinariya cikin gida, a niƙa a injin, a daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen cike yake da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka gano musabbabin. Maganin ma bai yiwu ba sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, kuma ƙauyen Bagega, wanda shi ma gubar ta shafa, bai samu wannan aiki ba sai 2013. Da an hana niƙa dutse cikin gari tun farko, da iyaye da yawa ba su haƙa ƙananan kaburbura ba.

Saboda haka mai son shiga harkar ma'adinai ya bi ta ƙofa. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ce lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake fitowa, kuma akwai na ƙananan masu haƙa, waɗanda aka fi so su haɗu a ƙungiyar gama-kai. Mallakar gona ba ta ba ka abin da ke ƙarƙashinta, izinin hakimi ma ba lasisi ba ne. Shi kuma mai lasisi dole ya nemi yardar mai gona, ya biya ɓarnar da ya yi, ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da al'umma kafin ya fara, ya kuma gyara ramukan da ya bari. Gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019 saboda tsaro, ta ɗage a Disambar 2024. Ɗagewar ba ta halatta haƙa ba lasisi ba, shari'arsa kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yi.

Manyan ayyuka kamar madatsar ruwa, wurin fasa dutse, masana'anta ko babban rukunin gidaje, wata dokar muhalli ta tarayya ta 1992 ta wajabta a yi nazarin illarsu ga muhalli kafin a fara. Ana baje rahoton a bainar jama'a kwanakin aiki 21. Wannan ne lokacin da gari zai yi magana, a rubuce, game da ruwan shansa da gonakinsa. In aka bari ya wuce, kuka ya zama na bayan hari.

In kai ake cuta

Ikon nan naka ne kai ma. Maƙwabci ya toshe kwata da gini har ruwa na shiga ɗakinka, ko an kafa injin niƙa dutse a bayan katangarka, ko ana juye shara a magudanar unguwa. Ka fara da yi masa magana kai da shi, sannan mai unguwa da limami, domin sulhu ya fi arha kuma gobe ma kuna tare. In abin ya ƙi, ka rubuta ƙorafi ga hukumar da abin ya shafa: gini ga masu tsara birane, ƙazanta ga duba-gari da hukumar tsabtar muhalli, hayaƙi da guba ga ma'aikatar muhalli ko NESREA. Ka faɗi wurin dalla-dalla, da ranar da abin ya fara, ka haɗa hotuna, ka samu maƙwabta biyar ko goma su sa hannu. Kada ka ɗauki diga ka fasa masa katanga da kanka, sai ka koma kai ne mai laifi. In mako biyu ya wuce shiru, ka sake rubutawa, ka ambaci ranar wasiƙar farko, ka liƙa kwafinta mai hatimi, ka aika wani kwafin ga Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a. In kuwa maganar niƙa dutse ce kusa da gida, kada ka jira amsar wasiƙa: ka hana yara wasa a wurin, a riƙa wanke musu hannu kafin cin abinci, ka kai su asibiti a gwada jininsu.